Ɗan Fari a Kala Goma Sha Shida

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina aiki a wani shagon buga takardu a Gusau, kusa da tasha. Mai shagon Bayarabe ne haifaffen garin, Hausarsa ta Zamfara ce tsantsa, in yana magana a bayan labule sai ka rantse bai taɓa wuce Funtuwa ba. Kayan shagon ba su da yawa: injin kwafe takardu, tafireta, tarho, da kwamfuta guda da muke lulluɓewa da tsohon zanen gado in an tashi. Ni ne mai bugawa. Ina kwana a ɗakin haya a Damba, ran Asabar in hau mota in tafi Tsafe wurin mahaifiyata in ci tuwon da ba na saye ba.

A farkon daminar nan maigidan ya jona kwamfutar da intanet. Sai an zare wayar tarho an cusa a wani ɗan akwati, akwatin ya kira Kaduna, ya yi ta tsuwa da ƙara, in an yi sa'a ya kama. In hadari ya haɗu ba ya kamawa. Maigidan ya nuna mini yadda ake aika imel, da yadda ake rubuta adireshi a burauza, wato abin da ake buɗe shafukan intanet da shi. Daga nan ya ce zai je Ikko sayen kaya, mako guda zai yi. Na san makonsa na Ikko, don haka na gyara zama.

Cikin masu zuwa amsa waya a shagon akwai wani magidanci, manomi daga Rawayya ta ƙasar Bungudu. Wansa ne ke kiransa daga Turai. Wan ya yi shekaru da yawa a can yana karatu a kan ƙasar noma, ya bar ƙasa jibge a Rawayya ya tafi nemanta inda ƙanƙara ke rufe ta. A can ya auri 'yar wani ɗan ƙasarmu, har sun sami ɗa namiji. Ran nan ana cikin waya sai manomin ya miƙo mini kan tarhon, ya ce wansa na son magana da mai kwamfuta. Na karɓa. Mutumin ya ce ya sa hotonsa da na jaririn a shafin makarantarsu, ya karanto mini adireshin na rubuta, ya ce don Allah in nuna wa mutanen gida. Bai ce wa da wa ba.

Bayan 'yan kwanaki manomin ya dawo, wata tsohuwa na biye da shi, siririya, da lulluɓin baƙin saƙi da ɗan ƙunshi a ka. Ya ce Innarsu ce. Na durƙusa na gaishe ta, na jawo mata kujera kusa da kwamfutar. Ba ta ko dubi kujerar ba. Ta zauna a kan bencin bakin ƙofa, ta ba mu baya, ta fuskanci titi.

Ta ce, "Ni gishiri da kanwa na zaka saye. Rana ce tak koro ni nan."

Ranar tun safe garin a lumshe yake, ba wanda ya ga rana.

Ban yi mamaki ba. Mutumin Turai shi ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo. Ƙanen ya taɓa gaya mini tun da ya tafi ba ta taɓa yarda ta zo amsa waya ba, in ya koma gida da labari sai ta kama tankaɗe ko tsintar wake a kusa da inda yake ba wasu. Haka mahaifiyata take da yayata, na san abin.

Layi ya kama, na rubuta adireshin, shafi ya buɗe. Rubutun Turanci ya fito tsaf. Inda hotuna ya kamata su kasance kuwa sai akwatuna biyu fanko, kowanne da wata 'yar alama a kusurwa.

Manomin ya leƙo ya ce, "To ina mutanen?"

Na ce, "Suna cikin akwatunan ga."

Ya ce, "To buɗe mana."

Na sake kiran shafin, akwatuna. Na kashe na kunna, akwatuna. Na goge gilashin kwamfutar da hannun riga, ban san abin da nake fata ba. Da dabara ta ƙare sai na ɗora wa layin Kaduna laifi, shi dama kowa na iya zaginsa ba mai tsaya masa. Tsohuwa ta ce daga bakin ƙofa, in babu su tafi, motar Bungudu ba ta jiran kowa. Amma ba ta tashi ba sai da ta ji na zare waya na mayar wa tarho.

Ran Asabar na tafi Tsafe. A gidan da ke jikin namu akwai wata 'yar bautar ƙasa, Kirista daga wajen Jos, wadda ta karanci kwamfuta a jami'a aka turo ta koyar da ita a makarantar da ba ta da ko guda. Da alli take zana wa ɗalibai kwamfuta a allo, su kuma su kwafa a littafi, a yi jarrabawa kowa ya ci. Mahaifiyata na aika mata da fura, ita kuma tana karanta mata takardar magani. Na same ta tana wanki a tsakar gida na kwashe labari na gaya mata.

Ta ce, "Wannan shafin ne kawai ba ya nuna hoto, ko duka?"

Na tuno shafukan da na taɓa buɗewa. Sai a lokacin na lura ban taɓa ganin hoto ko ɗaya a intanet ba. Ni a zatona haka aka yi ta, rubutu da akwatuna.

Ta yi dariya har ta saki rigar da take matsewa. Ta ɗauko guntun alli ta zana mini a jikin bango, nan za ka danna, wannan zai sauko, ka shiga saiti, ka nemi inda aka ce a riƙa ɗauko hotuna. Ta ce, "Oganka ne ya cire alamar da ke wurin don shafi ya riƙa buɗewa da sauri. Ka mayar da ita. Kuma in hoto ya gama saukowa sau ɗaya, kwamfuta tana ajiye shi a cikinta, ko ba layi za ka iya sake buɗe shi." Na tsaya gaban bangon na haddace zanen, don ruwa na iya wanke shi kafin in sake zuwa.

Alamar tana nan inda ta ce, wani ɗan gurbi da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na danna. Da na sani da na gwada shafin ni kaɗai tukuna, amma ranar hadari ya hana layi, kuma na riga na ba direban Bungudu saƙo cewa an gyara.

Suka zo. Wannan karon allura da zare ta zo saye. Ta koma bencinta, ta ba mu baya.

Hoton ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, a hankali ƙwarai. Farin bango ya fito, sannan gashi, sannan goshi. Tun daga goshin na ga ba lafiya. Fuskar ta fito dabbare-dabbare, nan kore, nan ja, nan toka-toka, kumatu duk ɗigo-ɗigo kamar wanda ƙyanda ta yi wa mugun kamu. Idanun ne kawai ka iya cewa na mutum ne.

Manomin ya dafe teburi ya ce, "Subhanallahi! Mi yas same shi ga huska?"

Na ce injin ne.

Ya ce, "Inji? Ga rubutu ya hito daidai, ga bango hwari tas. Don mi injin za shi bar bango shi ɓata mutum?"

Hoton ya ci gaba da saukowa har ya iso kan jaririn da ke hannunsa, shi ma haka, kore da ja. Manomin ya ce, "Har yaron ya ɗauka." Da ƙarfi ya faɗa, bai tuna da wadda ke bakin ƙofa ba. Na ɗaga kai na ga bayan tsohuwa. Ba ta juyo ba, amma ta daina kaɗa ƙafar da take kaɗawa, ta sa hannu biyu ta riƙe bakin benci.

A nan take na aika wa mutumin Turai imel, washegari ya amsa cewa lafiyarsa lau, shi da iyalinsa, hoton ma a wurinsa garau yake. Na buga amsar a takarda na ba direba. Kwana kaɗan sai ga manomin ya shigo da wani ƙunshi a tsohon buhun taki, an ɗaure da igiyar rama. Ya ajiye a kan teburina ya zauna yana share gumi.

Ya ce, "Sassaƙe ne da saiwa. Inna tac ce a aika ma wancan. A jiƙa wanga a sha, wanga a yi wanka, a shafa ma yaro kaɗan."

Na ce ai ya karanta mata amsar.

Ya ce, "Na karanta. Tac ce ko shina mutuwa haka za shi ce, tun shina yaro ba shi hwaɗin ciwo." Ya ƙara da cewa da ƙafarta ta shiga daji ta saro su, a tsakiyar damina, ba ta yarda an raka ta ba. Abinci ma sai an matsa mata. Kuma har yau ba ta ce da kowa komai a kansa ba, in an tambaye ta sai ta ce ƙafa ke damunta.

Ban san yadda ake aika sassaƙe Turai ba, ban kuma ga fuskar faɗa masa haka ba. Na ɗora ƙunshin a saman kantar kaya, kusa da kwalayen takarda. Shagon ya ɗauki warin ɗanyen ɓawo, masu zuwa kwafe takardun makaranta suna tambaya ko mun fara sai da magani.

Abin ya tsaya mini a rai. Kafin in taɓa saitin nan, tsohuwa ɗanta na nesa ne kawai. Yanzu yana nesa kuma ba shi da lafiya, shi da jikan da ba ta taɓa gani ba. Ban jira Asabar ba, na rufe shago da la'asar na hau motar Tsafe.

'Yar bautar ƙasa ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce burauza ta yi aikinta, saura gilashin. Ta ce kwamfutarmu kala goma sha shida kawai take nunawa, in ta ga fatar mutum ba ta da kalar da za ta yi ta da ita, sai ta yi ta haɗa kore da ja tana kwatantawa. Fari da baƙi tana da su, shi ya sa bango da rubutu suka tsira. Ta ce in nemi faifan da ya zo tare da kwamfutar a kwali, a ciki akwai abin da zai koya mata sauran kaloli. Ta sake zana mini a bango, a ƙarƙashin zanen farko da ruwa ya ci rabinsa.

Kwalin yana gidan maigida, a ƙarƙashin gado, matarsa ta zuba tsofaffin takalman yara a ciki. Ta bar ni na zazzage, na sami faifan a leda ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Na koma shago na bi zanen. Da na danna na ƙarshe gilashin ya yi baƙi ƙirin, na tsaya ina tunanin abin da zan gaya wa mutumin Ikko. Can sai ya dawo, rubutu ya ƙanƙance, komai ya yi sumul. Na buɗe shafin daga abin da kwamfutar ta ajiye, ko layi ban kira ba.

Ga mutum nan, wankan tarwaɗa, cikin wata rigar sanyi mai kauri, fatarsa lumui, yana murmushi da wushirya irin ta ƙanensa. Ga jariri mai kumatu yana hararar mai ɗaukar hoto. Na daɗe ina kallonsu, mutanen da ban haɗa komai da su ba, na ji daɗi har cikin raina.

Suka zo ana gab da azahar. Ban ji abin da ta zo saye ba, ba ta faɗa ba, ta rame sosai. Manomin ya dubi gilashin ya buga tafi, ya yi dariya, ya ce, "Inna, zaka ki gani! Wallahi lahiyatai lau, har ya yi ƙiba!"

Ta ce, "Ku da kunka iya kallo ku kalla."

Ya buɗe baki zai sake magana na taka masa ƙafa. Na ce an kusa kiran salla, mu je masallaci. Na ce da ita, "Inna, ki tsare muna shago, kada akuya ta shigo." Ta ce to. Na bar hoton a buɗe, na jawo ƙyaure ɗaya don ya kare ta daga titi, muka tafi. Muka yi alwala a tsanake, muka yi salla, muka yi nafila, muka tsaya gaisawa da wanda muka sani da wanda ba mu sani ba.

Da muka dawo mun same ta tsaye a tsakiyar shago, lulluɓinta ya zame. Tana jin tafiyarmu ta koma benci da sauri. Na dubi kwamfutar. Gilashin baƙi, ƙananan taurari suna ta tahowa suna wucewa. Maigida ne ya saita ta haka, in an jima ba a taɓa ta ba sai ta rufe abin da ke kai ta kama wasan taurari. Kullum ina gani, ranar ko kusa bai zo mini a rai ba.

Ta ce, tana kallon titi, "Abin naku ya mutu. Ni ban taɓa komi ba." Ta gyara lulluɓi. "Wani ya zaka neman a buga mai takarda, yat tsaya surutu. Koda yat tahi, na iske dare."

Ta jira mun yi nisa, ta jira baƙo ya tafi, sannan ta taso, sai ta tarar da taurari. Ta ba ni tausayi ƙwarai, har na kasa dubanta.

Na taɓa linzamin kwamfutar, fuskar ta dawo. Ta kau da kai wajen titi tun kafin hasken ya gama cika gilashin. Na shiga saiti na kashe taurarin gaba ɗaya, na kashe abin da ke sa gilashi barci, na leƙa waje na ga fitilar maƙwabci a kunne, na roƙi Allah kada a ɗauke wuta. Sannan na ce da manomin takarda ta ƙare, ya zo ya taya ni ɗauko kwali daga kasuwa. Kwalayen takarda suna nan a kan kantar jere, kowa na ganinsu. Wannan karon na rufe ƙyaure biyu, na ce mata kowa ya buga kada ta amsa.

Ba mu je kasuwa ba. Mun zauna a rumfar mai gasa masara a bakin tasha, muka ci, muka yi hirar taki da tsutsar da ta addabi dawa a Rawayya. Ya so ya tashi na ce ya ƙara ɗaya. Sai da inuwar rumfar ta kai bakin kwalta muka koma, na yi gyaran murya tun daga nesa.

Tana kan benci, ƙyaure a buɗe. Ƙunshin sassaƙe yana kan cinyarta. Yadda ta sauko da shi daga saman kantar kaya ban sani ba, kujerata dai na gan ta a jikin kantar.

Ta ce, "Angon nawa ba laihi, sai dai muni. Ku ce ba ni son shi sai ya zaka da goro." Jika ba a jin kunyarsa, don haka ta yi ta yi masa tsiya, kunnuwansa, hancinsa, hararar da yake yi. Ta ce a gaya wa mai riƙon nasa ya riƙa tallabe masa wuya, ba haka ake riƙon jinjiri ba.

Manomin ya nuna ƙunshin ya ce, "Inna, maganin hwa? Ba a aikawa?"

Ta ce, "Wa ka ciwo?"

Ta miƙe ta ɗora ƙunshin a ka. Na raka su bakin titi ina yi mata Allah ya kiyaye hanya. Ɗan nata ya yi gaba don ya kama musu wuri a mota. Ta ɗan tsaya tana gyara ɗaurin zane, ba ni take kallo ba, ba kowa take kallo ba, ta ce a hankali, "Ya yi hurhura." Ta bi bayansa.

Na koma shago na matsa kusa da gilashin har hancina ya kusa taɓa shi. Furfurar tana nan, 'yar kaɗan, a saman kunnen hagu. Na yi kwanaki ina buɗe hoton nan, ƙanensa ma ya kalla, ba wanda ya gan ta a cikinmu.